Mura da Sunanta a Bakin Likita

Da zarar hunturu ya kama, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe birnin Kano. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A irin wannan lokaci, a unguwa kamar Gawuna ta ƙaramar hukumar Nasarawa, da wuya malami ya shiga aji bai tarar da masu atishawa da jan majina ba. Wanda ya je asibiti cikinsu, sau da yawa likita kan rubuta masa kalmar rhinitis a kati, ya dawo gida hankali a tashe, yana zaton wata muguwar cuta ce.

Kalmar, wadda ake furtawa rainaitis, daga harshen Girka ta samo asali, kuma gaɓa biyu gare ta. Ta farko, rhin, ma'anarta hanci; daga gare ta ne Turawa suka raɗa wa karkanda suna, saboda ƙahon da ke bisa hancinta. Ta biyu, itis, likitoci na liƙa ta ga sunan sashen jikin da ya kumbura. Don haka hepatitis kumburin hanta ne, meningitis kuwa, wato sanƙarau, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ashe rhinitis kumburin tantanin cikin hanci ne kawai.

Abin lura shi ne, kalmar tana bayyana halin da hanci yake ciki, amma ba ta faɗi musabbabi ba. Wani kumburin ƙwayoyin bairus ne ke haddasa shi. Ita ce murar da aka saba da ita, mai yaɗuwa, wadda kan warke da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Wani kuma borin jiki ne: jiki ya ɗauki ƙurar furanni ko gashin kyanwa tamkar abokan gāba, sai ya saki sinadarin histamin, hanci ya yi ta ƙaiƙayi da zubar ruwa. Likitan nan na Bagadaza, Abubakar Ar-Razi, ya yi bayanin murar da kan zo lokacin da wardi ke fure tun ƙarni na 10, sannan John Bostock ya bayyana irinta a Ingila a 1819. Akwai kuma kumburin da busasshiyar iska, ko hayaƙin janareta, ko turare mai ƙarfi ke tayarwa.

Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci, domin mutane da dama kan ruga kemis su sayi maganin kashe bakteriya da sun ji mura. Irin wannan magani ba ya taɓa bairus, ba ya kuma kwantar da borin jiki. Sai ma ya sa bakteriya su bijire masa ranar da ake buƙatarsa. Haka nan maganin ɗigawa mai buɗe hanci, idan aka zarce kwana 5 ana amfani da shi, toshewar kan dawo fiye da da.

Hutu, da yawan shan ruwa, da rufe hanci ranar da hazo ya yi kauri, sun wadatar ga yawancin mura. To, amma idan ta wuce kwana 10, ko ta zo da zazzaɓi mai zafi, ko numfashi ya yi wuya, sai a koma ga likita.