Yadda Sunan Wani Wakilin Gona Ya Zama Kalma: 'Yan Sanda da Manoma a Ƙasar Ailan

Akwai wata kalma a Turanci da ke nufin a ƙaurace wa mutum, watau a daina ciniki da hulɗa da shi. Asalinta sunan wani Bature ne, Kyaftin Charles Boycott. A wannan maƙala za mu duba abin da ya jawo haka, domin a ga iyakar abin da ƙarfin 'yan sanda yake iya yi cikin rikicin gona.

A ƙarni na 19 ƙasar Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma yawancin gonakinta suna hannun masu ƙasa 'yan kaɗan, waɗansunsu ma a Ingila suke zaune. Manoma haya suke yi, wanda ya kāsa biya kuwa sai kotu ta ba da takardar tashinsa. Tun da doka tana bayan mai ƙasa, 'yan sanda ma can suke. Su ne ke raka masinjan kotu da bindigogi, su tsare shi har a fitar da iyali daga gida. A bariki suke zama, kuma ba a ajiye ɗan sanda a gundumar da aka haife shi, don kada zumunta ta hana shi aiki.

Daga 1877 zuwa 1879 amfanin gona ya lalace, bashin haya ya taru. Sai Michael Davitt da abokansa suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin manoma a 1879, Charles Parnell ya zama shugabanta. A watan Satumba na 1880, a garin Ennis, Parnell ya shawarci jama'a da kada su zubar da jini, sai dai su ƙaurace wa duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta.

Shi Boycott wakili ne na wani mai ƙasa, Lord Erne, a gundumar Mayo. Manoma suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari na haya, aka ce kashi 10 kawai za a rage. Da masinja ya zo da takardun tashi, da 'yan sanda biye da shi, mata suka kore su da jifa. Sa'an nan 'yan ƙodago suka watse daga gonar Boycott, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya.

A watan Nuwamba aka kawo mutum 50 daga arewa don su yi masa girbi, aka haɗa su da 'yan sanda da soja wajen 1,000. An ƙiyasta cewa gwamnati ta kashe kimanin fam 10,000 wajen tsaron amfanin da bai wuce fam 500 ba. An yi girbin, amma kafin ƙarshen watan Boycott ya bar wurin, jaridu kuwa suka mai da sunansa kalma.

Abin lura a nan shi ne, ɗan sanda yana iya tsare jikin mai ƙasa da rumbunsa, amma ba ya iya tilasta wa maƙwabci ya gaishe shi ko ya yi masa noma. Ran da aka dogara ga bindiga kuwa, asarar rai ce ke biyo baya, kamar yadda 'yan sanda suka harbe mutum uku a Mitchelstown a 1887. Abin da ya kwantar da rikicin gyaran doka ne. Dokar 1881 ta ba kotu ikon yanke haya, ta hana a kori wanda ke biya, ta 1903 kuma ta buɗe wa manoma hanyar sayen gonakin da suke nomawa da rancen gwamnati.