Babban gyaran inji: a canja abin da ya lalace kawai, ko har da maƙwabtansa?

A Madarunfa, mota jari ce. Ita ke kai kaya da fasinja Maraɗi, ita ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Shi ya sa ranar da bakanike ya buɗe inji ya ce wa mai mota, "Alhaji, tunda mun buɗe, a canja wannan da wancan," sai gardama ta tashi. Mai mota na zargin ana son cin kuɗinsa, bakanike kuwa na gudun a dawo masa da aiki.

Abin da ke raba gardamar shi ne kuɗin aiki. Wasu ƙananan kaya ba su da tsada, amma kafin hannu ya kai gare su sai an kwance rabin inji. In aka bar tsoho ya mutu bayan wata biyu, za a sake biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa, ga kwanakin da mota za ta yi ba ta nema.

Misali na farko shi ne bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. A motoci irin su Peugeot 406, wannan bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, kuma yana bi ta kan boris masu riƙe shi. In famfon ko boris ɗin ya cije, sabon bel ma tsinkewa zai yi, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Saboda haka ake canja su tare. A Toyota Hiace mai injin gas 3L, ƙa'idar kamfani ita ce a canja bel ɗin duk bayan kilomita 100,000. Injin da ke da sarƙa maimakon bel, kamar 1ZZ na Corolla, ba ya cikin wannan lissafi.

Na biyu, gaskit ɗin kan inji. Yawanci zafi ne ke ƙona shi, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Maraɗi kan wuce digiri 40. Sa sabon gaskit ba tare da gano abin da ya kawo zafin ba, aikin banza ne. Sai an duba lagireto da fanka da tiyon ruwa, an kuma auna kan injin ko ya karkace.

Na uku, kuloci. Tunda an sauke akwatin giya, ana canja faranti da murfinsa da boris ɗinsa lokaci guda, a duba sil ɗin bayan inji ko yana yoyon mai.

Amma ba kome ake canjawa ba. Abin da ke waje, wanda ake cirewa cikin mintoci, kamar fulogi da bel ɗin fanka, yana iya jira. Fistin da zobensa kuwa awo ke yanke musu hukunci: in mota ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai, a ƙyale su.

Akwai kuma batun inganci. Kayan gyara da yawa daga Najeriya suke shigowa, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma rufe iyaka a 2019 da 2023 ya nuna yadda samunsu kan yi wuya. Cire famfo na asali mai lafiya a sa jabu hasara ce. Kayan Beljiyam, wato na hannu, na iya yin amfani in ƙarfe ne, amma bel da gaskit da sil sabbi ake sawa.

Kafin a fara aiki, ya kamata mai mota ya nemi a rubuta masa kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a nuna masa lalacewar da idonsa, sannan a mayar masa da tsofaffin kayan da aka cire. In kuɗi bai kai ba, a fara da abin da ke can cikin inji, na waje ya biyo baya.