Yadda Kasuwa Ke Koya wa Mutum Harshe

A kasuwar Sabon Gari ta Kano za ka tarar da ɗan ƙabilar Ibo wanda bai taɓa zama ajin koyon Hausa ba, amma yana ciniki da ita ba gargada. A zangon Kumasi kuma, 'ya'yan Hausawa kan tashi da Hausa a gida, su kama Twi a titi da wurin wasa. Me ke kawo haka?

Masanin harshe ɗan Amurka, Stephen Krashen, ya bambanta abu biyu a rubuce-rubucensa na shekarun 1980: haddace ƙa'idojin nahawu, da kuma shigar harshe jikin mutum ta hanyar yawan jin maganar da yake iya fahimta. Kasuwa cike take da irin wannan magana. Ga kaya a gabanka, ga kuɗi a hannu, fuskar mai sayarwa da nuni da yatsa suna fassara maka kalmar da ba ka sani ba. "Nawa ne", "albarka", "na sallama" suna maimaituwa kullum har su zauna daram.

Sai kuma bukata. Wanda bai iya taya kaya ba, ciniki zai wuce shi, don haka dole ya buɗe baki ko da zai yi kuskure, abokan hulɗa kuma su gyara masa nan take.

Aji na da amfaninsa, musamman wajen karatu da rubutu. Amma mai son bakinsa ya saki, sai ya shiga cikin masu harshen, ya gaisa, ya tambaya, ya saurara, ya kuma yarda a gyara shi.