Kututture Bai Mutu Ba: Darasin Maraɗi Ga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A kwanakin baya wani kawuna da rashin tsaro ya raba da gonarsa ta yammacin Faskari ya kawo mini ziyara. Bayan mun gaisa, mun taɓa hirar zumunci, sai ya nisa ya ce: "Ɗana, shekara huɗu rabona da noma gonar nan. Da na leƙa ta, wallahi ban gane ta ba. Kalgo da sabara da marke sun rufe ta ruf, wasu sun fi ni tsawo. Ranar da Allah Ya ba mu ikon komawa, sai na sa mata gatari da wuta tukuna." Na ce masa: "Kawu, a yi haƙuri da wutar nan, a bari mu yi shawara." Wannan hira ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan niyya ba a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Ni ba masanin gandun daji ba ne, fannina nazarin harshe. To amma harshe rumbu ne da al'umma ke ajiye saninta. Mai karatu ya dubi yadda Bahaushe ya bambanta tsiro da toho. Tsiro daga iri yake fitowa, jariri ne da sai ya haƙa saiwarsa da kansa. Toho kuwa daga jikin itacen da ke raye yake ɓullowa, ko da an sare shi saura kututture. Haka nan ya bambanta sara da sassabe da tumɓukewa. Mutanen da suka ware wa kowane ɗaya sunansa sun daɗe da sanin cewa itacen da aka sare bai mutu ba muddin saiwarsa na ƙasa. Tun a 1916 Bature J. M. Dalziel ya wallafa littafi guda a kan sunayen tsirrai na Hausa kawai, kuma har gobe sunayen garuruwanmu na ba da shaida: ga Kukasheƙa a ƙasar Ƙanƙara, ga Gamji a ƙasar Sabuwa, ga Magarya can a jihar Damagaram.

Masana gandun daji a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Finlan sun daɗe suna nazarin wannan al'amari a dazuzzukansu na itatuwa masu ganye kamar allura, wato dangin fayin. Tsohuwar al'adarsu ita ce a share daji gaba ɗaya, sannan a dasa sabo. Daga baya wasu suka koma ga yankan zaɓe: a ɗebi wani kaso, a bar saura a tsaye. Idan an yi haka, hasken rana yakan sauka ƙasa, ƙananan tsirran da inuwa ta danne su miƙe, iyayen da aka bari su ci gaba da zubar da iri, su ma su ƙara kauri saboda an rage musu abokan takara. Sai dai abin yana da sharaɗi. Idan an yi yankan da yawa, iska kan kayar da waɗanda aka bari. Idan kuma tsirran suka cunkushe, sai su yi ta kokawa a kan ruwa da haske, kowa ya tsumbure, har sai an shiga an rage su. A 2014 ne dokar gandun dajin Finlan ta sake buɗe ƙofa ga irin wannan tsari na barin daji a tsaye ana ɗiba kaɗan-kaɗan.

A nan ne Allah Ya yi mana gata. Akasarin dangin fayin ba sa toho idan an sare su, dole a jira iri. Namu kuwa, irin su kalgo da sabara da geza da marke da taramniya da magarya, ko an sare su shekara da shekaru, da zarar an ɗaga musu ƙafa sai su sake fitowa. Kuma da yake tohon yana shan ruwa ne ta tsohuwar saiwa mai zurfi, yakan yi saurin da dashe ba zai taɓa kamo shi ba, ya kuma jure rani ba tare da an bi shi da bokiti ba.

Shaidar wannan ba ta da nisa da mu, tana Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM, ya yi ta dashen itatuwa a ƙauyukan yankin, mafi yawansu suna mutuwa saboda fari da dabbobi da gara. A 1983 ya lura cewa 'yan kurarrajin ciyayin da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara, ba ciyayi ba ne, tohon manyan itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa. Shi ya sa ya kira abin dajin da ke ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi kututturan da yake so, a kowanne ya bar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya riƙa yi musu aski lokaci-lokaci, ya kare su daga wuta da bakin dabba. Mutanen Nijar suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Ba a rana ɗaya aka karɓa ba. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare, manoma da dama suka sare itatuwan da suka raina. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani: itacen girki a ƙofar gida, harawar dabbobi da rani, kariya ga shuka daga iskar farkon damina mai binne gero da rairayi. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyi da maƙwabci. Wani abin da ya taimaka shi ne sassaucin da aka samu a dokokin ƙasa da na daji, musamman tsarin dokar karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004, ta yadda manomi ya fara jin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, sai aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, musamman a Maraɗi da Damagaram, inda gawo ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirya. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

To, mu dawo gida. Kudancin Katsina ya fi Maraɗi samun ruwan sama nesa ba kusa ba, saboda haka abin da ya yiwu a can ya fi sauƙin yiwuwa a nan. Amma kada mu yaudari kanmu, akwai ƙalubale guda uku. Na farko tsaro. Duk wanda ya tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su, ba zai zargi mutumin da ke kallon kowane duhuwa a matsayin maɓoyar ɓarayi ba. Sai dai sassaben zamani ba ya haifar da sunƙuru. Shi ne ma maganinsa, domin yana mayar da cunkoson da ba a ganin gaba zuwa itatuwa tsayayyu jefi-jefi, waɗanda mutum zai hango nesa ta ƙarƙashinsu.

Na biyu, yankinmu na masara da auduga da waken suya ne, ana huɗa da shanu da tarakta, kuma kututture na karya garma. Gaskiya ne. Haka kuma inuwar ɗorawa tana rage amfanin da ke gindinta, ba kamar gawo ba, wanda ke zubar da ganyensa da damina, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Amsar ita ce zaɓe: a bar itatuwa a kan iyaka, da bakin rafi, da gangaren da zaizaya ke ci, a jera na tsakiyar gona yadda garma za ta wuce, a riƙa rage musu rassa.

Na uku gawayi da itacen sayarwa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji cikin matakanta na tsaro. Amma doka ba ta kashe buƙata, kuma tsadar makamashi bayan cire tallafin mai a 2023 ta ƙara tura gidaje ga gawayi. Mai gawayi kuwa kirya da marke da kaɗanya yake nema, alhali kaɗanya kan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Buhun gawayi na kwana kaɗan ne, man kaɗe da daddawa kuwa abincin gida ne da jarin mata na shekaru.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Katsina, da hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa a 2015, da masu tafiyar da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, da su ware wani kaso na kuɗin dashe su koya wa manoma renon toho, su kuma kai wakilan ƙauyukanmu Maraɗi su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji, harshenmu ɗaya kuma ba a buƙatar tafinta. Hakimai da dagatai su zaunar da manoma da makiyaya a yi ƙa'idar sassabe da kiwo, a kuma tabbatar wa kowa cewa wanda ya raini itace shi zai ci moriyarsa.

Da zai tafi, kawuna ya ce zai gwada a rabin gonar, ya ga abin da hali zai yi. Na ce hakan ma ya isa, domin haka mutanen Maraɗi suka fara. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gonarsa, Ya kuma ba mu basirar barin abin da jikokinmu za su sha inuwarsa. Amin.