Adar: uwar ɗiya da ba a kira sunanta ranar rabon gado

A birnin Tawa, ko a ƙauyukan arewacin Adar wajen Barmu da Kalfu, ranar rabon gado rana ce ta tonon asiri. Malam ya zauna, magada sun kewaye shi, a fidda tumuni ga matan mamaci, saura a raba wa ɗiya, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Amma akwai macen da ba a kiran sunanta, ko da kuwa ita ta haifi wasu daga cikin masu zaune bisa tabarmar: wadda ba a ɗaura mata aure ba.

Matan nan iri biyu ne. Ta farko ita ce budurwar da ta haihu a gidan ubanta. Bisa fiƙihun Malikiyya, ɗanta yana gadonta, ita ma tana gadonsa, amma ba ya gadon wanda ya yi cikinsa. Addini bai soke rabonta daga dukiyar mahaifinta ba, sai dai sau da yawa ƴan'uwa maza kan fake da abin kunyar su riƙe gona. Ga shi kuwa a Keita, tun daga 1984, yawancin hannuwan da suka jera duwatsu suka raya ƙasar da ta mutu na mata ne.

Ta biyu ita ce wahaya, wato sa-ɗaka, wadda ake saye a ajiye bayan matan aure huɗu, ba sadaki ba Fatiha. Ɗiyanta na maigida ne, ita kuwa in ya rasu ko cokali ba nata ba ne. Labarin Hadijatu Mani ya isa misali. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ga wani mai hali a yankin Ƙwanni. Ta yi bauta shekara 9, ta haihu a gidan. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 a 2007, wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta kama ƙasar Nijar da laifin kasa kare ta, ta kuma umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2014 kotun Ƙwanni ta ɗaure wani mutum shekara 4 kan ajiye wahaya, bisa dokar 2003 mai hukunta bauta. A 2019 kuma babbar kotu ta ce al'adar ta saɓa wa doka.

To, mene ne ya hana dokar isa bakin rumbu? Tun daga dokar tsarin shari'a ta 1962, al'adar masu ƙara ce alƙali ke bi a sha'anin aure da gado. Dokar 2004 ta ƙara sharaɗi cewa kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su. Sai dai lokacin da Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana wariya ga mata a 1999, ta keɓe wasu ayoyi ta ce ba za ta yi aiki da su ba, har da wadda ta shafi gado. Kundin dokar iyali ya sha ruwa a 1994 bayan adawar ƙungiyoyin addini, majalisar dokoki kuma ta ƙi yarjejeniyar Maputo a 2006. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ƙofar da Hadijatu ta ƙwanƙwasa ita ma ta rufe.

Duk da haka, hanya ba ta ƙare ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce kowane ɗan ƙasa na da damar samun gona, ba bambancin jinsi ko asali. Shari'ar Musulunci ta yarda mutum ya yi kyauta yana raye, ta kuma yarda da wasiyya har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Uban da ya san jininsa yana iya yanka masa gona tun yana da lafiya, a gaban shaidu, a rubuta a hukumar kula da filaye, ya kuma yi masa takardar haihuwa.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya rage ga sarakuna da malamai da alƙalan Adar su tuna cewa jinjirin da ke bayan matar nan bai zaɓi ɗakin da aka haife shi ba, kuma damina in ta faɗi, shi ma hatsi zai ci.