Na'urar buga takarda ta ƙi aiki? Ga abin da za ku duba kafin ku kai ta wurin mai gyara



A makon jiya wani mai sauraro ya kira mu da dare, hankalinsa a tashe. Ɗiyarsa za ta kai dosiyen konkur da safe, ga takardun cikin kwamfuta, amma na'urar buga takarda, wato amfirimanti, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa firinta, ta yi shiru. Har ya fara lissafin kuɗin mota zuwa birni. Muka bi abin da shi daki-daki ta waya, ashe wata tsohuwar takarda ce ta tare layi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta muku wannan bayani, don sau da yawa na'urar lafiyarta lau.

Da farko a gano wa ke da laifi, na'urar ko kwamfutar. Idan taku tana yin fotokofi, ku sa takarda ku gwada ba tare da kwamfuta ba. In kwafi ya fito da kyau, to na'urar ba ta da komai, matsalar tana tsakaninta da kwamfuta. In bai fito ba, ku bar kwamfutar ta huta, ku koma kan na'urar.

Idan laifin na'urar ne, a fara da kuran. Fitilarta na kunne? In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, takan rikice. Ku kashe ta, ku zare wayar daga bango, ku jira kamar minti guda, sannan ku mayar. Sai ku buɗe murfi ku leƙa ko takarda ta maƙale. In akwai, a jawo ta a hankali da hannu biyu, kada a sa wuƙa ko almakashi, kuma kada a bar ko ɗan guntu a ciki.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kan robobin da ke jan takarda, sai su riƙa sulɓewa. A goge su da ƙyalle mai ɗan laima bayan an zare wuta. Da damina kuwa takardu kan manne da juna, sai a karkaɗa su kafin a zuba. Ita kuma na'ura mai tawadar ruwa, in ta yi makonni ba a taɓa ta ba, ga zafin bazara, tawadar takan bushe a bakin ƴan ramukan da take fitowa. Alamar ita ce takarda ta fito fara fat, ko rubutu a yayyanke. Ku nemi wurin da aka rubuta « Nettoyage des têtes », ku yi sau ɗaya ko biyu, kada ku yi ta maimaitawa don yana shan tawada. In sabon kartushi kuka sa, ku tabbata kun ɓare ledar da ke rufe bakinsa. Mai garin tawada, wato laza, in rubutu ya fara dusashewa, a ciro kartushin a girgiza shi a hankali, zai ɗan ƙara tafiya.

To, idan fa na'urar lafiya take? Sai a duba wayar USB. Ku zare ta, ku canza mata wata kafa a jikin kwamfutar. Masu aiki da Wi-Fi su tabbata duka biyun suna kan rezo ɗaya.

Daga nan, a Windows, ku shiga « Paramètres », ku nemi « Imprimantes et scanners », ku buɗe « file d'attente ». Nan takardu ke bin layi kamar masu jiran ruwa a famfo: in ta gaba ta tsaya, duk na baya sun tsaya. Mu kuma in abu ya ƙi, sai mu yi ta dannawa sau goma, layi ya ƙara tsawo. Ku soke su duka, ku kashe kwamfutar ku kunna, ku aika takarda ɗaya tak. Ku kuma duba sunan na'urar da kuka zaɓa, don wani lokaci kwamfutar na aikawa ga wata tsohuwa da ba ta nan, ko kuma an rubuta « Hors connexion ». In duk wannan bai yi ba, sai a sake saka pilot ɗinta, wato ɗan shirin da ke yi musu tafinta, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Yanzu ga saƙonmu gare ku ƴan uwa mazauna waje, masu aiko da kaya gida, Allah ya saka muku. Wutarmu ta Nijar volt 220 ce, ta Amurka da Kanada kuwa wajen 120. Na'urorin laza da yawa wuta iri ɗaya kawai suke karɓa, in aka jona ta can a nan ba tiransifoma, ƙonewa za ta yi. Ku karanta abin da ke rubuce a bayanta kafin ku saya. Wasu kamfanoni kuma suna ɗaure kartushi da yankin da aka sayar da na'urar, sai ka ga na kasuwar Maradi ko Yamai ya shiga daidai amma ta ƙi karɓarsa. Ku tambayi na gida wane iri ake samu a kusa da su. Haka girman takarda: can « Letter » ake amfani da ita, mu A4, sai a gyara wannan a kwamfuta.

In kun ji ƙauri, ko ƙarar wani abu na karyewa a ciki, ku zare wuta nan take ku kai ta wurin mai gyara. In ba haka ba, ku riƙa rufe ta da zane, ku buga ko shafi ɗaya kowane mako. Mai dosiye kuma kada ya jira sai daren ƙarshe.

Allah ya ba yaranmu sa'a. Sai mun ji daga gare ku.