Akuyar da kotu ta rubuta ba ta zuwa kasuwa

Ƴan uwa mata na Ajekoriya da kewaye, tun 1991 da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi muka san bashi da biyansa. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne bashin da ya kai gaban alƙali.

Idan kotu ta yanke hukunci mutum bai biya ba, ma'aikacin shari'a mai karɓar bashi zai kawo takardar gargaɗi. Bayan kwana 8 yana iya dawowa ya rubuta kaya: bisashe, amalanke, buhunan hatsi. Sau da yawa a gidan ake barin su. To, nan fa ake ruɗewa. Kayan na gabanki, amma amana ce ta kotu. Wanda ya sayar da su a ɓoye, ko ya kora su ruga, ko ya lalata su, ya aikata laifi a dokar Nijar, hukuncinsa gidan kaso da tara. Kuma bashin na nan daram. An gudu gara, an tadda zago.

Ga inda abin ya fi shafar mu. Bashin na maigida ne, amma jar akuyar da kika saya da rancen asusu turke ɗaya take da nasa, sai aka haɗa da ita. Zuciya za ta ce ki kwance ta da dare ki kai gidanku. Kul! Dokar OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta ba mai kaya hanya. Ki faɗa tun ana rubutu: «Wannan tawa ce.» Sannan ki kai kuka kotun Dakoro a fidda ta, tun ba a yi gwanjo ba.

Alƙali hujja yake nema, hujjar kuwa tana cikin littafin ƙungiya: ranar rance, jika nawa, me aka saya. Shi ya sa muke roƙon sakatarorinmu su riƙa rubuta har kamannin dabbar da sunan kasuwa.

Mai bashin ma an ba shi wata 1 ya nemo mai saye da kansa, da sanin ma'aikacin, don kada kaya su tafi a wulaƙance.

Ranar zubi mai zuwa, kowace ƙungiya ta buɗe littafinta, mu ga dabbar wa ce ba a rubuta ba.